Bindigar Yaro a Amurka

A ƙauyukan Amurka uba yakan koya wa ɗansa harbin zomo. Dokarsu ta 1968 ta hana mai kanti sayar da bindiga ga wanda bai kai shekara 18 ba. Saboda haka uba ke saye.

Mun sani ba a ba yaro garmar babba. Haka ma bindiga. Sukan zaɓi ƙarama mai lamba 22, mai cin harsashi ɗaya tak. Ba ta dukan kafaɗa. Gindinta gajere ne, don yatsan yaro ya kai kunama. In ta yi masa nauyi, bakinta sai ya karkace ya nufi mutane.

Kada mu raina ta. Harsashinta yana wuce mil guda, yana kisa. In an gama, uba ya cire harsashi, ya kulle ta.