Amfanin Mai Nazarin Kasuwanci a Cikin Ayarin Masu Rubuta Manhaja

ABUJA — A watan Disamba na shekarar 2023, Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta yi zama a birnin Abuja inda ta amince da cire jami'o'i da sauran manyan makarantun gwamnatin tarayya daga tsarin biyan albashi na bai ɗaya, wanda aka fi sani da IPPIS. Kafin a kai ga wannan matsayi, sai da ɗaliban jami'o'i suka yi zaman gida na wata tara a 2020, da kuma na wata takwas a 2022, kuma wannan tsari yana cikin manyan abubuwan da ƙungiyar malaman jami'o'i, watau ASUU, ta kafa hujja da su wajen shiga yajin aikin.

An soma amfani da IPPIS ne a shekarar 2007 da tallafin Bankin Duniya, da nufin toshe kafar da ma'aikatan bogi ke bi suna kwasar dukiyar jama'a, kuma manufa ce mai kyau. Sai dai an gina shi bisa siffar ma'aikacin gwamnati na yau da kullum, wanda ke aiki a ma'aikata guda, ya yi ritaya in ya cika shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 yana aiki. Jami'a kuwa ba haka take ba. Farfesa yana kai wa shekara 70 kafin ya ajiye aiki, akwai malamin da ke tafiya wata jami'a ya yi shekara guda yana koyarwa, akwai malamin ziyara, akwai kuma alawus iri-iri da suka danganci yawan aikin da mutum ya yi. Ko da yake rigimar ta haɗa da batun 'yancin jami'o'i na gudanar da harkokinsu, wanda ba na'ura ce za ta warware shi ba, ɗan kasuwa yana da darasin da zai ɗauka. Manhaja ba ta san komai ba sai ƙa'idar da aka ɗora ta a kai, kuma tilas ne a sami wanda zai zauna da masu aikin ya tambaye su yadda suke yi tun kafin a soma rubutu. Wannan mutum shi ake kira mai nazarin harkokin kasuwanci.

A tsohon tsari, aikin mai nazari a fili yake. Zai yi watanni yana zagaya ofisoshi yana tambaya, ya rubuta kundi mai kauri, shugabanni su sa hannu, a miƙa wa masu rubuta manhaja, sa'an nan kowa ya koma gefe ya jira shekara ɗaya ko biyu. Sau da yawa ranar da aka kawo aikin ake gane cewa abin da aka rubuta daban, abin da ake bukata daban, ko kuma kasuwar ta riga ta canja.

Wannan ne ya sa a watan Fabrairu na 2001 wasu masana su 17 suka taru a jihar Utah ta ƙasar Amurka suka fitar da ƙa'idojin tsarin da ake kira Agile, watau yin aiki zango-zango. Reshensa da ya fi yaɗuwa shi ne Scrum, wanda Ken Schwaber da Jeff Sutherland suka gabatar a 1995. A nan ayarin ma'aikata ba ya cika wuce mutum goma, kowane zango ba ya wuce wata guda, yawanci ma mako biyu ne, kuma a ƙarshen zangon ana nuna wa mai kaya wani yanki na manhajar da ke aiki, ya gwada, ya ce a gyara nan, a ƙara can. Tamkar tela ne da ke kiran mai riga ya zo gwaji tun kafin a kai ta wajen mai aikin wuya.

Abin lura shi ne littafin ƙa'idojin Scrum ya ambaci matsayi uku ne kawai: mai kaya, wanda ke yanke abin da za a fara yi, mai kula da bin tsari, da kuma masu gina manhajar. Babu sunan mai nazari a ciki. Saboda haka wasu kamfanoni suka ɗauka cewa an huta da biyan albashinsa. Wannan tsimi ne da ke komawa hasara, musamman a gari irin Abuja, inda mai kaya yawanci darakta ne a ma'aikata ko shugaban kamfani wanda taro ya yi wa yawa, ba shi da sa'a biyu a mako da zai zauna da matasa masu rubuta manhaja. Idan ya ɓace, su kuma ba za su tsaya ba. Za su cike gurbin da zato.

Alal misali, a ɗauki babban dilan kayan gini a kasuwar Dei-Dei da ke son manhajar lissafin kaya da ciniki. Zai ce wa ayarin, a taƙaice, yana son ya riƙa sanin abin da ya shiga da abin da ya fita. Mai rubuta manhaja zai ji wannan ya gina abin da ya saba gani: an sayar, an biya, an rage daga sito. Mai nazari kuwa sai ya je shagon ya wuni. A nan zai ga cewa ɗan kwangila yana ɗaukar siminti bashi ya biya in an biya shi. Cewa wani ya biya kuɗin buhu 200 tun watan jiya amma yana kwasa kaɗan-kaɗan, ga shi farashi ya tashi a tsakani. Cewa dillalin da ya kawo mai saye yana da la'adarsa. Cewa maigida yana yi wa tsohon abokin ciniki ragi da baki ba tare da an rubuta ba. Kuma yaron shago yana karɓar rabin kuɗi a hannu, rabi ta na'urar POS. Ba wanda ya ɓoye waɗannan abubuwa. Sabo ne ya sa mai shagon bai ga cewa suna bukatar faɗi ba.

Aikin mai nazari shi ne ya mayar da kowane ɗaya daga cikinsu ƙaramar bukata a rubuce, wadda za a iya gamawa a zango guda, tare da sharaɗin karɓar aiki wanda ba ya ɗaukar fassara biyu. Maimakon a ce manhaja ta kula da bashi, sai a rubuta cewa idan bashin mutum ya kai iyakar da maigida ya sa masa, ba za a fitar da rasit ba sai da izinin maigida. Mai gwaji zai iya tabbatar da wannan cikin minti biyar. Har ila yau, shi ne ke shirya bukatun zango mai zuwa tun ana cikin na yanzu, don kada ma'aikata masu tsada su zauna suna jiran amsa.

Bugu da ƙari, yana taimaka wa mai kaya wajen jera ayyuka bisa ga abin da zai fi kawo kuɗi ko ya hana hasara, kuma shi ne ke sa ido a kan dokoki. Lokacin da harajin VAT ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari a ranar 1 ga Fabrairu, 2020, canja lamba a cikin manhaja bai zama wahala ba. Tambayoyin da ke bayan lambar su ne masu nauyi: wane kaya aka yafe wa harajin, kuma yaya za a yi da cinikin da aka ƙulla a Janairu aka kai kayan a Fabrairu?

Akwai kuma tambayar da ta fi duka, watau ko akwai mai bukatar abin da ake ginawa. Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar da kuɗin eNaira a ranar 25 ga Oktoba, 2021. Wani nazari da Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya fitar a 2023 ya nuna cewa kashi 98.5 cikin ɗari na asusun da aka buɗe ba a amfani da su a kowane mako. Mai shagon da ke da asusun banki da na'urar POS bai ga abin da sabon kuɗin ya ƙara masa ba.

Duk da haka, mai nazari yana iya zama cikas. Idan ya tsaya a ƙofa ya ce duk maganar da za ta shiga tsakanin mai kaya da masu rubutu sai ta bi ta kansa, to an koma gidan jiya, an kuma ƙara tafinta inda mutane za su iya fahimtar juna kai tsaye. Nagari shi ne wanda zai ɗauko akawun shagon ko jami'ar biyan albashi ya kawo su wajen nunin ƙarshen zango su taɓa manhajar da hannunsu. Cibiyar masu wannan sana'a ta duniya, IIBA, wadda aka kafa a birnin Toronto na ƙasar Kanada a 2003, tana ba da takardun shaidar ƙwarewa, amma takarda ba ta maye gurbin sanin kasuwar, kuma wanda ba ya jin harshen masu shago zai sha wuya a Dei-Dei ko Wuse.

Kamfanonin da ke neman aikin gwamnati suna da wata matsalar ta daban. Dokar ba da kwangila ta 2007 ta ginu ne a kan a bayyana abin da za a saya da farashinsa tun kafin a buɗe tayi, alhali tsarin zango-zango yana sa ran bukatu su riƙa canjawa. A irin wannan hali, mai nazari ne ke ajiye bayanin kowane canji, da dalilinsa, da wanda ya amince da shi, domin ranar da masu binciken kuɗi suka zo ba za su karɓi cewa an yi magana da baki ba.

Ƙaramin kamfanin da ba zai iya ɗaukar mai nazari na dindindin ba yana iya ɗaukarsa na tsawon aikin kawai, ko ya ware ma'aikacinsa da ya fi sanin sirrin cinikin, a rage masa wasu ayyuka, a ba shi ikon amsa tambayoyin ayarin a ranar da aka yi su. Ya kamata kuma a rubuta sunan wannan mutum da adadin sa'o'in da zai bayar kowane mako a cikin yarjejeniyar, kusa da farashi da ranar kammala aiki.