Al'adar Kwanan Tanti a Tsibiran Stockholm Lokacin Bazara

Daga gabashin birnin Stockholm, fadar mulkin ƙasar Suwidin, zuwa cikin Tekun Baltik, akwai tsibirai kusan 30,000, wasu manya masu ƙauyuka da gandun daji, wasu kuwa falalen dutse ne kawai da tsuntsaye ke sauka a kai. A watan Disamba hasken rana a wannan yanki kusan na awa 6 ne kawai, amma a ƙarshen Yuni yakan wuce awa 18, saboda haka mutanen ƙasar suke ɗaukar gajeriyar bazararsu da matuƙar daraja, kuma da yawa daga cikinsu ba su ganin hutu ya cika sai sun kwana a bakin ruwa.

Doka ce ta fara share wa wannan al'ada hanya. A 1938 aka bai wa ma'aikata hutun mako 2 da albashi, sannan daga 1978 hutun ya kai kwana 25 a shekara, kuma ma'aikaci yana da damar ɗaukar mako 4 a jere tsakanin Yuni da Agusta. Yawanci a Yuli ake tafiya, bayan bikin tsakiyar bazara, wanda jajiberinsa ke faɗowa ranar Juma'ar da ke tsakanin 19 da 25 ga Yuni. Saboda kowa na neman wuri a lokaci guda, masu son ɗakunan katako ko masaukin matafiya a tsibirai irin su Grinda da Finnhamn da Utö sukan kama wuri ta intanet tun sanyi bai wuce ba.

Mai tanti kuwa lamarinsa daban ne, domin abin da ya dogara da shi tsohon haƙƙi ne da ake kira allemansrätten, wato 'yancin kowa na shiga daji da bakin ruwa ko da filin na wani ne, wanda aka rubuta shi cikin tsarin mulkin ƙasar a 1994. Bisa wannan haƙƙi mutum yana iya ratsa fili, ya yi iyo, ya tsinki 'ya'yan itatuwan daji, ya kafa tantinsa dare ɗaya ko biyu ba tare da neman izini ko biyan ko sisi ba, muddin bai kusanci gidan mutane ba, bai taka shuka ba, bai kuma bar ɓarna a bayansa ba. Wannan ne ya sa shirin tafiyar ya fi karkata ga sanin ƙa'ida fiye da biyan kuɗi, kuma a nan ne kyawun al'adar yake, domin amana ce aka danƙa wa baƙo a kan dukiyar da ba tasa ba.

Ƙa'idojin suna da yawa, kuma kowacce da dalilinta. Ba a hura wuta a kan falalen dutse, saboda zafi yana tsaga shi, tabon kuma ba ya gyaruwa. Idan fari ya yi tsanani hukumomi sukan hana kunna wuta a fili gaba ɗaya, don haka matafiyi yakan duba sanarwa kafin ya bar gida, ya kuma ɗauki ƙaramin risho. Akwai tsibiran da ake hana sauka a kansu a watannin da tsuntsaye ke ƙyanƙyasa, kuma daga 1 ga Maris zuwa 20 ga Agusta ba a barin kare ya yi yawo sakaka a daji. A wuraren da aka keɓe don kare halittu, waɗanda gidauniyar Skärgårdsstiftelsen da aka kafa a 1959 take kula da da yawa daga cikinsu, sau da yawa sai a filin da aka ware ake kafa tanti, inda akan samu makewayi da wurin girki. Ruwan sha ma abin lissafi ne, domin ruwan Baltik, ko da yake gishirinsa bai kai na manyan tekuna ba, ba ya shayuwa, rijiyoyin tsibiran kuma sukan ja baya a bazara. Haka nan mutane da yawa sukan yi allurar rigakafi tun da wuri saboda kaska, wadda a wannan yanki take yaɗa cutar kumburin ƙwaƙwalwa.

Bayan ƙa'ida sai jadawalin jirgi. Kamfanin Waxholmsbolaget, wanda tarihinsa ya faro daga 1869, shi ne ke jigilar mutane tsakanin tsibiran, kuma har yanzu yana amfani da tsofaffin jirage masu tururi irin su Storskär na 1908 da Norrskär na 1910. A ƙananan matsayai jirgi ba ya tsayawa sai an kira shi. Akwai wani faifai da aka maƙala a jikin sanda a bakin matsayar, wanda fasinja zai miƙar da shi tsaye don matuƙi ya hango daga nesa, sannan ya kwantar da shi kafin ya shiga jirgi, don kada jirgin da ke biye ya ratso a banza. Wanda ya manta da faifan nan yana iya kallon jirginsa ya wuce, ya kuma ƙara kwana a inda bai yi niyya ba.

Babu inda amanar nan ta fi fitowa fili kamar a mashigin ruwa da ke tsakanin wasu tsibirai, misali a hanyar Finnhamn zuwa Ingmarsö, inda aka ajiye kwalekwale ɗaya a kowace gaɓa, babu mai gadi, babu mai karɓar kuɗin fito. Sharaɗin shi ne kowace gaɓa ta kasance da kwalekwalenta bayan an haye, saboda haka matafiyi yakan tuƙa ya ƙetare, ya ɗauro na can ya jawo shi zuwa inda ya taso, ya bar ɗaya a nan, sannan ya sake ƙetarewa. Tuƙi uku ke nan don tafiya guda, kuma biyu daga ciki domin wani ne da bai taɓa gani ba.

Al'adar tana fuskantar matsi a 'yan shekarun nan, domin baƙi sun ƙaru, kuma masu filaye suna kokawa kan shara da kuma kamfanonin yawon buɗe ido da ke kwaso jama'a suna cin riba da haƙƙin da aka tanada don ɗaiɗaikun mutane. Kukansu yana da tushe, amma rufe bakin ruwa ba shi ne magani ba, tun da da yawa daga cikin masu tanti ba su da halin mallakar gidan hutu a tsibiri. Dokar ƙasar ma ta tsaya a gefen masu tanti, domin ta hana sabon gini a cikin mita 100 daga bakin ruwa sai da izini na musamman.