Jinin da Ake Bin Gida a Ɗiba

Tambaya ɗaya ce ta kai ni wani ƙauye: ta yaya jinin jariri ke barin ɗakin mai jego ya isa ɗakin gwaji a birni bai lalace ba, a garin da ko wutar lantarki babu, balle firiji? Mai unguwa ya yi mana maraba, ya haɗa ni da ma'aikaciyar lafiya, muka kama bin gidaje. Mace ce dole ke wannan aiki, don namiji iyakarsa zaure.

Ashe amsar ba ta da tsawo. Ta murza dunduniyar jariri har ta yi ɗumi, ta goge da auduga, ta tsira 'yar allura a gefe. Ɗigon farko ta share shi, sauran ta bari suka cika da'irorin da ke jikin wata takarda mai kauri. Ta shanya ta a inuwa, ta ja kunnen yara kada wanda ya taɓa. Bayan awa uku zuwa huɗu ta bushe, sai ambulan, sai ɗan acaba. Busasshen jini ba ruwansa da ƙanƙara.

Sikila ake nema. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da ita duk shekara a Nijeriya. In uwa da uba duk AS ne, kowane ciki na da haɗarin ɗaya cikin huɗu. In an gano da wuri, rigakafi, maganin hana zazzaɓin sauro da na kashe ƙwayoyin cuta kan ceci yaro.

Gida biyu aka hana mu. Wani magidanci ya ce ya ji ana sayar da jinin, ya kuma tuno gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yara a Kano a 1996. Ban ga laifinsa ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

A gidan da ya fi tsaya mini a rai, mai jegon ba ta ce uffan ba, surukarta ce ta yi magana. Jikoki uku ta binne daga ɗakin nan. Kowanne sai ya kai wata shida lafiya, sannan hannu da ƙafa su kumbura, ido ya yi ɗorawa, kuka dare da rana.

"Cewa aka yi wabi ne. Rubutu mun sha, turare mun yi, har akuyata na sayar. 'Yar nan, ni ba tsirar nake tsoro ba. Bara ma wasu sun zo sun ɗibi na yayarsa, har yau ko saƙo. Ke ma in tafiya za ki yi da shi ki manta da mu, gaya mini tun yanzu."

"Inna, in Allah Ya yarda da ƙafata zan kawo miki."

Da muka fito take faɗa mini sakamako kan ɗauki makonni, wani lokacin ma a ce ɗigon bai cika da'ira ba, a sake. Kuɗin acaban komawa kuwa daga aljihunta yake fita. Waya ɗaya ce a gidan, tana hannun maigida, shi kuma ya tafi ci-rani Legas. Sai ta tsaya wurin mai shayin bakin masallaci, ta karɓi lambarsa ta rubuta a jikin takardar yaron.