Yawan Sauya Linux a Kwamfuta: Shawara ga Cibiyoyin Yaƙi da Jahilci na Damargu

Idan kana kula da kwamfutar wata cibiyar yaƙi da jahilci, ko ta bankin cimaka, a gundumar Tanut ko ta Belbeji, wataƙila an riga an ba ka shawarar aiki da Linux. Shawara ce mai kyau, musamman tun da kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025. Amma akwai wata ɗabi'a da ya kamata ka kiyaya, ita ce ta sauya irin Linux a kai a kai.

Mene ne Linux?

Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja wadda ke tafiyar da sauran ayyukanta. Linux tana cikin waɗannan manhajoji. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, shi ya fara rubuta ta a 1991. Kyauta ce, kuma kowa yana da izinin gyara ta da rarraba ta. Saboda haka ne ire-irenta suka yi yawa: Debian ta fito a 1993, Fedora a 2003, Ubuntu a 2004, Linux Mint kuma a 2006. Tushensu ɗaya ne. Ubuntu daga Debian aka gina ta, Mint kuma daga Ubuntu.

Me ke jawo yawan sauyi?

Da yake ba a biyan kuɗi, mutum yakan ga babu asara in ya goge wannan ya saka waccan. Wani sha'awar sabon abu ke jan sa. Wani kuwa ƙaramar matsala ce ta same shi, kamar na'urar buga takardu ta ƙi aiki, sai ya zaci sabon iri ne magani. Sau da yawa matsalar tana biyo shi, domin tushen bai sauya ba. Hausawa sun ce, da sabon gini gara yaɓe.

Abin da ake asara

Na farko, bayanai. Saka sabuwar manhaja yakan share abin da ke cikin kwamfuta. Sunayen masu koyo, sakamakon jarrabawa da lissafin buhunan hatsi suna iya salwanta cikin minti kaɗan.

Na biyu, haruffanmu. Sai an saita kwamfuta kafin ta rubuta ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Duk lokacin da aka sauya, sai an sake wannan aiki, in ba haka ba darussa su fito da kurakurai.

Na uku, kuɗi da wuta. Ubuntu 24.04 ta kai kusan giga 6. Sauko da ita ta wayar salula yana cin kuɗin intanet da cajin batirin sola.

Na huɗu, mutane. Malamar da ta sha wahala kafin ta gane inda ake buɗe takarda, idan ta tarar fuskar kwamfuta ta canja, sai ta koma farko, wani lokaci ma ta haƙura gaba ɗaya. Idan kuma abu ya lalace, mai gyara yana iya kasancewa sai a birnin Damagaram.

Abin da ya kamata ka yi

1. Ka zaɓi iri mai dogon zango. Ubuntu tana fitar da sabuwa duk wata 6, amma ta tsakani wata 9 kawai ake kula da ita. Wadda ake kira LTS tana fitowa duk shekara 2 a watan Afrilu, ana kuma kula da ita shekara 5. Ta 24.04 za ta kai 2029.

2. Idan kwamfutar tsohuwa ce, ka nemi marar nauyi kamar Lubuntu ko Xubuntu.

3. Ku yi shawara da cibiyoyin da ke kusa da ku, ku tsaya a kan iri ɗaya. Ta haka mai kula da ta Gangara zai iya taimakon na Tarka ta waya.

4. Ka ajiye kwafin bayanai a kile na USB guda biyu kowane mako, ɗaya a wajen cibiya.

5. In kana son gwada sabon iri, ka kunna shi daga kile ba tare da ka saka shi cikin kwamfuta ba. Manomin Damargu ba ya shuka sabon irin gero a gonarsa duka. A gefe yake gwada shi tukuna.

Yaushe sauyi ya wajaba?

Ka sauya idan wa'adin kula da irin da kake da shi ya ƙare, ko idan wata na'ura da aikinku ya dogara da ita ta ƙi aiki bayan an nemi gyara. Ka yi shi bayan an rufe zangon karatu, ka sanar da malamai tun da wuri, kuma ka rubuta ranar da sunan irin a littafin cibiya domin wanda zai gaje ka.