Fata da Aikinta a Jikin Dabbobi

Idan aka ce wa mutum ya lissafa sassan jiki masu muhimmanci, zai ambaci zuciya da hanta da huhu da ƙoda, amma da wuya ya tuna da fata, domin yawancinmu mun ɗauke ta tamkar riga ce da aka lulluɓe nama da ita. Alhali kuwa a jikin baligin mutum faɗinta ya kusa murabba'in mita 2, nauyinta kuma ya kai kimanin kashi 15 cikin 100 na nauyin jiki duka. Likitocin da ke jinyar waɗanda suka ƙone sun fi kowa sanin darajarta, saboda wanda wuta ta cinye wa fata mai yawa, abu na farko da ke barazana ga ransa shi ne tsiyayewar ruwan jiki, sa'an nan shigar ƙwayoyin cuta.

Wannan ya kai mu ga matsalar da kowace dabbar tudu ke fuskanta. Kusan kashi biyu cikin uku na jikinta ruwa ne, iskar da ke kewaye da ita kuwa kullum tana zuƙe danshi, saboda haka dole fata ta hana ruwan nan fita. To amma jiki yana samar da zafi dare da rana, hasken rana ma yana ƙara masa, kuma hanya mafi ƙarfi ta fitar da zafi ita ce a bar ruwa ya bi iska. Bambancin da mai karatu yake gani tsakanin fatar kwaɗo da ta ƙadangare da ta raƙumi, yawancinsa ya samo asali ne daga yadda kowace take daidaita waɗannan buƙatu biyu masu karo da juna.

Yadda aka shimfiɗa ta

In aka yanki fatar akuya aka duba ta da madubin ƙara girma, za a ga shimfiɗa biyu. Ta sama siririya ce, ba ta da jijiyar jini ko ɗaya. A gindinta akwai ƙwayoyin halitta masu rai da ke ta rabuwa, sababbi na ture tsofaffi zuwa waje. Yayin da suke hawa sai su cika da wani sinadari mai tauri da ake kira keratin, su mutu, su baje, su jeru kamar tubalin gini, wani irin maiƙo kuma ya cike tsakaninsu kamar yadda laka take riƙe tubali. A jikin mutum wannan tafiya takan ɗauki mako huɗu ko fiye da haka kaɗan. Abin mamaki shi ne, wannan mataccen ɓawo, wanda a yawancin jikinmu bai kai kaurin silin gashi ba, shi ne ainihin abin da ke tsare ruwa. Lokacin hunturu, da maiƙon ya ragu, sai kaushi da faso su bayyana. Daga keratin ɗin nan ne kuma ake samun gashi da farce da kofato da kuben ƙaho da gashin tsuntsu da ƙayar bushiya.

Shimfiɗa ta biyu ta fi kauri nesa ba kusa ba. Saƙa ce ta zaruruwan wani sinadari mai suna kolajin, waɗanda suka sarƙe da juna ta kowace fuska. A cikinta ne jijiyoyin jini suke, da saiwar gashi, da jakunkunan gumi da na maiƙo, da yawancin jijiyoyin da ke kai wa ƙwaƙwalwa labarin zafi ko sanyi ko taɓawa. Majema sun san wannan shimfiɗa tun kafin a ƙera madubi. Idan majemi ya tuge gashi, ya kankare saman fata da naman da ke ƙasanta, abin da ya rage masa ita ce, kuma ruwan bagaruwa yana kama zaruruwan kolajin ne ya hana su ruɓewa. Sunan da fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ta yi ya zo ne daga ƙanƙanta da matsuwar wannan saƙa. Fatake sun daɗe suna ƙetara Sahara da ita zuwa Afirka ta Arewa, daga can ta isa Turai, inda aka laƙaba mata sunan Maroko.

Kwaɗo da ƙadangare

Kwaɗo ya bar ƙofarsa a buɗe. Mataccen ɓawonsa bai wuce layi ɗaya ko biyu ba, kuma kullum a jiƙe yake da yauƙi. Ta nan iskar oksijin take ratsawa zuwa jininsa, ta nan kuma yake shan ruwa, domin kwaɗo ba ya kurɓa da baki; zama yake yi a wuri mai laima, fatar cikinsa ta tsotsa. Farashin wannan shi ne ruwa na fita daga jikinsa kusan kamar yadda yake tashi daga buɗaɗɗiyar ƙwarya, shi ya sa da rani sai ya shige ƙasa. Akwai wani hatsarin kuma. A shekarar 1998 masana suka gano wata cutar fata da wani nau'in fumfuna ke sa wa kwaɗi. Tana lalata yadda fata ke shigar da gishirin da jini ke buƙata, har zuciya ta tsaya. Wani bincike da aka buga a 2019 ya danganta ta da raguwar nau'o'i 501 na kwaɗi da danginsu, waɗanda ake kyautata zaton 90 daga ciki sun ƙare ƙurmus.

Ƙadangare da maciji kuwa sun rufe tasu ruf. Ɓawonsu mai kauri ne, ba su da jakunkunan gumi, ruwan da suke asara kaɗan ne ƙwarai. Sai dai ba su iya sanyaya jiki da fata, inuwa suke nema. Saɓar da maciji ke bari a gona ita ce wannan mataccen ɓawo, wanda mu muke zubarwa kaɗan-kaɗan, shi kuma yake tuɓewa gaba ɗaya.

Masu gumi da masu dabara

Mutum yana da jakunkunan gumi tsakanin miliyan 2 zuwa 4, kuma kowace lita ɗaya ta gumi da ta bushe a jikinsa tana tafiya da zafi kimanin kilokalori 580. A lura da kalmar bushewa: gumin da ya ɗiga ƙasa asara ce kawai. Doki ma mai gumi ne sosai, kuma guminsa na ɗauke da wani sinadari da ke taimaka masa ya ratsa gashi, shi ne kumfar da ake gani bayan sukuwa. Kare da tsuntsu ba su dogara da gumi ba, haki suke yi.

A ganina babu wanda ya kai raƙumi iya tattali. A shekarun 1950 wani masani mai suna Knut Schmidt-Nielsen ya auna raƙuma a hamadar Aljeriya. Ya tarar cewa raƙumin da ke jin ƙishirwa yakan bar zafin jikinsa ya tashi daga digiri 34 da asuba zuwa sama da 40 da yamma kafin ya soma gumi sosai, sa'an nan da dare ya saki zafin cikin iska mai sanyi ba tare da ya kashe ruwa ba. Wannan kaɗai na tanada masa kimanin lita 5 a yini. Da aka yi wa wani raƙumi aski kuwa, sai ruwan da yake asara ya ƙaru da kusan rabi. Ashe gashin da muke zaton yana ƙara masa zafi inuwa ce yake yawo da ita. Kitsensa kuma an tara shi a tozo, ba a shimfiɗa shi ƙarƙashin fata duka ba, don haka bai tare wa zafi hanyar fita ba.

Giwa ba ta gumi a faɗin jikinta. A 2018 masana a Jami'ar Janiba suka nuna cewa saman fatar giwar Afirka yana tsattsagewa ne yayin da yake ƙara kauri, kuma waɗannan ƙananan tsagogi suna riƙe ruwa da taɓo ninki 5 zuwa 10 na abin da sumul ɗin fata za ta riƙe. Dorina kuma tana fitar da wani ruwa da ke rikiɗewa ja, har mutanen dā suka ce jini take gumi. Masana a Japan sun tantance sinadaransa a 2004, suka ga yana tare hasken rana mai ƙuna, yana kuma hana wasu ƙwayoyin cuta yaɗuwa.

Idan katanga ta tsage

Makiyayanmu sun san kirci. Ƙwayar cutar da ke kawo shi, wadda aka fara bayyanawa a Kwango a 1915, ba ta iya ratsa lafiyayyar fata busasshiya. Sai damina ta yi nisa, ruwan sama ya wanke maiƙon saman fata ya tausasa ta, ƙaya da ƙudaje masu cizo suka huda ta, sa'an nan take samun shiga. An kuma lura cewa cutar ta fi tsanani a garken da wata babbar kaska mai zane a baya ta yi wa yawa, domin yawun kaskar yana raunana garkuwar jikin saniya. Dabbar takan rame, nono ya ragu, fatar kuma ko an jeme ta tabon yana nan, saboda ɓarnar ta taɓa fuskar shimfiɗa ta biyu. Wannan ne dalilin da ya sa likitocin dabbobi suke matsa wa makiyayi ya fara yaƙi da kaska tun farkon damina, kafin ɓawon kirci na farko ya fito a gadon bayan saniya.