Aikin Ido da Leza: A Auna Kafin A Yanke

A kasuwar Kejetia ina yawan tsayawa gaban masu tallan tabarau. Mutum zai ɗauki wannan ya ajiye, ya gwada wancan a kan rubutun wayarsa, ya biya ya wuce. Matasan Zongo kuwa tambayarsu ɗaya: shin aikin leza zai raba su da tabarau?

A gaban ido akwai wata fata garai-garai wadda haske ke ratsawa. Idan lanƙwasarta ba ta dace da tsawon ƙwayar idon ba, gani sai ya yi dishi-dishi. A aikin leza da ake kira LASIK, likita yana ɗiga maganin kashe zafi, ya ɗaga siririn ɓawon fatar, leza ta kankare ƙasansa, ya mayar. Cikin 'yan mintuna an gama.

Amma ba a yin aikin sai ga mai shekara 18 zuwa sama, wanda lambar tabaraunsa ta daina canzawa. Aikin ba ya maganin yanar ido ko hawan jinin ido, kuma bushewar ido takan biyo baya.

Roƙona, 'yan'uwa, ku fara zuwa sashen ido na Asibitin Komfo Anokye a auna ku. Hawan jinin ido yakan cinye gani ba tare da ciwo ba.