Seleniyom da Abincin Yaran Bakin Kogi a Dajin Amazon

Seleniyom sinadari ne da jikin ɗan Adam ke buƙatar ɗan kaɗan daga cikinsa, amma ba ya iya rayuwa lafiya ba tare da shi ba. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Jöns Jacob Berzelius, shi ya gano shi a shekarar 1817. Jiki yana amfani da shi wajen haɗa wasu sinadaran furotin guda 25, waɗanda ke kare ƙwayoyin halitta daga lalacewa, suna ƙarfafa garkuwar jiki, suna kuma taimaka wa halittar nan ta gaban wuya da kumburinta ke jawo maƙoƙo.

Da maikirogiram ake auna shi, wato kashi ɗaya cikin miliyan na giram. Bisa ƙa'idar hukumomin lafiya na Amurka, yaro mai shekara 1 zuwa 3 yana buƙatar maikirogiram 20 a rana, mai shekara 4 zuwa 8 yana buƙatar 30, mai shekara 9 zuwa 13 kuwa 40. Akwai kuma iyakar da ba a so a ƙetare: 90 ga rukunin farko, 150 ga na biyu, 280 ga na uku. Tazarar da ke tsakanin abin da ya isa da abin da ya yi yawa ba ta da faɗi, musamman ga ƙaramin yaro.

Ƙasar noma ce tushen al'amarin. Shuka tana tsotsar seleniyom daga ƙasa, dabba da mutum su samu daga shukar. Ƙasar Sin ta ga illar ɓangarorin biyu, wato ƙarancinsa da yawansa. A gundumar Keshan, cikin shekarar 1935, aka ga wata cutar tsokar zuciya da ta fi kama yara da mata masu shekarun haihuwa, daga baya aka danganta ta da ƙarancin seleniyom. A yankin Enshi kuma, a farkon shekarun 1960, yawansa ne ya sa gashin mutane da faratansu suka riƙa zubewa.

Masu bincike sun kuma mai da hankali kan ƙauyukan bakin kogunan Tapajós da Madeira a Birazil. Mazauna wurin, waɗanda ake kira ribeirinhos, abin da kogi da daji suka ba su shi suke ci, domin kasuwa tana da nisa, sai an yi doguwar tafiya a kwalekwale. Cimar yaro ta yau da kullum ita ce kifi da garin rogo, sai 'ya'yan itatuwan daji idan lokacinsu ya zo. Garin rogo yana cika ciki amma seleniyom ɗinsa ba shi da yawa. Kifi yana da shi daidai gwargwado.

Babbar taskar sinadarin ita ce gyaɗar Birazil, wadda mutanen yankin ke kira castanha. Bishiyarta tana kai tsayin mita 50. Da damina 'ya'yanta masu ɓawo mai tauri kamar na kwakwa suke faɗowa, a fasa su da adda, a tarar da ƙwayoyi jere a ciki. Ƙwaya ɗaya tana iya ɗaukar maikirogiram 68 zuwa 91, ma'ana ta ninka buƙatar ɗan shekara 6 fiye da sau biyu. Sai dai ba kowace gyaɗa ce haka ba: ta jihar Amazonas ta fi ta jihar Acre seleniyom nesa ba kusa ba. Saboda haka ƙauyuka biyu a gaɓar kogi guda suna iya bambanta ƙwarai, kuma seleniyom ɗin da ke jinin mutane yana hawa da sauka gwargwadon lokacin gyaɗar.

Zaiba ita ce ta ƙara dagula lissafin. Masu haƙar zinariya suna amfani da ita wajen tace ma'adinin, saran daji kuma yana sa ruwan sama ya wanke wadda ke cikin ƙasa zuwa kogi. A ruwa takan rikiɗe ta zama guba mai taruwa a jikin kifi, musamman masu cin 'yan'uwansu irin su tucunaré, kuma ƙwaƙwalwar yaro da ta ɗan tayi su suka fi cutuwa. Zaiba tana manne wa seleniyom ta hana shi aiki, shi ya sa wasu bincike a Tapajós suka nuna alamun cewa wadatarsa na rage wani ɓangare na illarta. Wannan bai mai da gurɓataccen kifi abin ci ba.

Ma'aikatan lafiya suna auna seleniyom a jini, zaiba kuma a gashin kai, sannan su tambayi iyaye abin da yaro ya ci. Shawarar da ta fi dacewa da rayuwar mutanen ba ta hana cin kifi, tunda shi ne namansu. Ana dai so a fi ba yara kifaye masu cin tsiro irin su pacu da tambaqui, a taƙaita musu gyaɗar Birazil inda take da ƙarfi, kada kuma a ba kowane yaro ƙwayar ƙarin seleniyom sai an auna an tabbatar yana da ƙarancinsa.